Kifaye Ukun Leokadia

Shekara ashirin da bakwai Leokadia Wrona ta yi tana kashe kifi, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba. Duk Disamba, idan Kirsimeti ta ƙarato, mutanen garinmu kan yi layi a gaban shagon da take aiki, kowa da bokitinsa, don ba a zaman cin abincin jajiberi sai da kifin karp a tebur. Wasu su tafi da nasu da rai, su sake shi a baho ya kwana biyu, mutanen gida su haƙura da wanka. Masu raunin zuciya kuwa sai su miƙa wa Leokadia su kau da kai. Kulki ɗaya take ba shi a tsakar ka, ba ta maimaitawa.

Ranar da ta ajiye aiki, kifi uku suka rage a tanki, ƙanana, ba wanda ya taya. Ta kwashe su ta kai gida, suka ƙarasa hunturu a tsohon baho a ɗakin ƙasa. Da ƙasa ta yi laushi ta haƙa musu kududdufi tsakanin itacen tuffa da kunyoyin dankali, zurfinsa ya kai mata ƙirji. Maƙwabciyarta Genia, mai kiranta Lodzia, ta leƙo ta saman shinge.

"Ke Lodzia, tuba kika yi da tsufa? Kin gama da iyaye da kakanni, yanzu kuma renon marayu za ki yi?"

"Tafi can, uwar gulma. Iyayen a cikin wa suka ƙare, in ba naki ba?"

Ba ta raɗa musu suna ba, ta ce ita ba yarinya ba ce. Amma ta san kowanne, kuma ta fi son babban, mai tabo a gefen baki, wanda ke karɓar burodi daga yatsunta.

Hunturu ne aikin. Sanyi ba ya kashe karp, sauka yake yi can ƙasa ya lafe cikin laka, ba ci ba motsi. Abin da ke kashe shi shi ne ƙanƙara ta rufe ruwan ruf, gurɓatacciyar iskar ruɓaɓɓen ganye ta rasa hanyar fita. Saboda haka kowace safiya Leokadia takan tafasa ruwa a tsohuwar tukunyar miya, ta ɗaura igiya a mariƙinta, ta aza ta a kan ƙanƙarar a hankali, ta tsaya tana jira. Tukunyar ta yi ta nutsewa har ta huda ƙofa zagayayya. Sai ta janye ta, ta cusa damin karan hatsi a tsaye don iska ta riƙa bi ta cikinsa, ta share dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kai. Abu ɗaya ne ba a yi ko da wasa, wato buga ƙanƙarar, domin girgizar takan bi ruwa ta doki kifin da ke barci. Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Leokadia mace ce da ta fi son ta karye da a ce an taimake ta, kuma wannan hali nata ba abin yabo ba ne.

A hunturu na tara ciwon ƙirji ya kwantar da ita, daidai makon da sanyi ya fi tsanani. 'Yarta Jagoda ta zo daga birni da mijinta Waldek. Likita ya ce ko bakin ƙofa kada Leokadia ta leƙa. Kwana uku ba wanda ya tuna da kududdufi, ita kuwa cikin zazzaɓi sai sambatu take yi, ƙofar kifi ta toshe, ƙofar kifi ta toshe.

Waldek ya ji. Shekara ashirin bawan Allahn nan yana neman abin da zai yi surukarsa ta ce ya kyauta, bai samu ba. Ya gyara mata shinge ta ce ya karkace, ya kawo mata rediyo ta ce ya cika surutu.

Safiya ta huɗu ƙara ta tashe ta. Dum. Dum. Kafin ta dafa bango ta kai taga, Waldek ya yi sara ya fi goma. Ta gan shi tsaye a bakin ruwa da gatari, yana haki, ƙanƙara ta tarwatse ko'ina. Ta koma ta zauna a bakin gado.

Ya shigo fuska ja wur, baki har kunne.

"Mama, na buɗe musu! Ƙofa ce da ko saniya za ta shige. Ki kwantar da hankalinki."

Zagin ya riga ya hau harshenta. Sai ta ga takalmansa na birni sun jiƙe sharkaf, bayan hannunsa yana jini. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta kuma ya fi tausayin yawa.

"Sannu, ɗan nan. Cire takalman nan ka matso kusa da murhu."

Washegari tana zaune a taga cikin bargo ta koya masa aikin tukunya. Ya tambaya me ya sa ba za a yi da gatari ba, ai ya fi sauri. Ta ce haka aka saba. Ya yi kwana goma yana yi, bai fasa ko sau ɗaya ba, sannan suka koma birni.

Daga nan sai jira, don ba a ganin abin da ke ƙarƙashin ƙanƙara. Kullum bayan ta janye tukunya takan durƙusa ta leƙa baƙin ruwan, ba ta ganin komai. Genia ma ta daina tsokana.

A tsakiyar Maris ƙanƙara ta saki. Biyu suka taso a hankali, ramammu, suna buɗe baki. Babban ta same shi a gefe cikin ciyawa, ciki sama. Ta binne shi a gindin tuffa. Ba ta ko wanke shebur ba waya ta yi ƙara, Waldek ne.

"Mama, ya mutanena? Sun fito?"

"Sun fito."

"Duka ukun?"

"Biyu. Babban dama ya tsufa."



"Gatarin ne, ko Mama? Wani a wurin aiki ya gaya mini ba a yin haka. Wata biyu ke nan ina jin tsoron tambayarki."

Ta dubi kududdufin ta taga. Biyun suna zagaye kusa da inda damin yake yawo a ruwa.

"Gatarin ne," ta ce. "Ni ce ban koya wa kowa ba. Kuma da ba ka fita ba ranar nan, uku zan binne yau. Ka kyauta, Waldek."