Mutum-mutumin Auta

Mai Lambu bai taɓa yarda akwai abin da 'ya'yansa za su iya ba tare da shi ba. Shi ya koya musu ɗaurin igiyar guga, shi ya koya musu gane nunanniyar kankana da ƙwanƙwasa ɗaya, ko tari suka yi sai ya ce ba haka ake yi ba. Amma tun da autarsa ta shiga jami'a karatun injiniyan lantarki, bakinsa ya mutu. In ta zo hutu tana zuba labarin wayoyi da batir da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa umarni, sai ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gane. Abin na cin ransa, ko matarsa bai gaya wa ba.

Ran nan Auta ta bugo waya, murya a sanyaye.

"Baba, aikin kammala karatuna ya gagare ni. Mutum-mutumi nake haɗawa, ya ƙi tsayawa."

Mai Lambu ya miƙe zumbur. Mutum-mutumi! Shi da tsuntsayen yankin kaf suka san aikin hannunsa, har wani baƙo ya taɓa yi wa mutum-mutumin da ya kafa a bakin rijiya sallama?

"Ashe abin da ake koya muku ke nan? To kwantar da hankalinki, ina tafe."

Washegari ya dira a ɗakin gwajinsu da sanduna biyu, da buhun ciyawa, da tsohuwar rigarsa. Ɗalibai suka buɗe masa hanya, sun zaci mai gyaran rufi ne.

"Ina yake?"

Auta ta nuna masa tebur. Wani ɗan abu ne da bai fi kwanon sha ba, mai taya biyu, wayoyi sun yi masa cirko-cirko. Ta kunna shi, ya yi gaba, ya yi baya, ya kife.

"Wannan ai ko kaza ba zai kora ba," in ji Mai Lambu.

Ɗakin ya fashe da dariya. Sai a lokacin ya dubi injinan da ke kewaye da shi, ya dubi kayansa. Kunya ta rufe shi, ya fara tura buhun ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Auta ta danne tata dariyar da ƙyar.

"Baba, wata waya ce ke ta kwancewa, kuma hannuna rawa yake in zan liƙe ta da dalma. Zo ka riƙe min."

Ya goge hannu a riga, ya kama siririyar wayar da yatsu biyu.

"Haka?"

"Haka, Baba. Kar ka motsa."

Ta liƙe, ɗan hayaƙi ya tashi, dalma ta daskare. Ta ce ya isa, yana iya saki.

"Ke dai bari ta ƙara kamawa," in ji shi, yana kallon ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. "Irin wannan aikin ba a yi masa gaggawa."

Bai saki ba, ita kuma ba ta sake cewa ya saki ba.