Hajo Dillaliya da Gwajin Taɓa Kunne

Duk matar da ta yi zaman aure a wajajen Ƙofar Galadima a shekarun tamanin ta san Hajo dillaliya. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, ƙullin atamfa a ka, goro a kumatu. Ba gidan da ba ta shiga, kuma ba ta mantuwa, alheri ko sharri. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu.

Tana riƙon jikarta Adama, wadda shan-inna ya shanye wa hannun dama tun tana rarrafe. Yarinya ce mai kai, da hagu take zana haruffa a ƙasa in ta ga yaran makaranta suna yi.

A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa wajen shiga firamare. Yaro zai ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren. In ya kai, ya isa shiga aji ɗaya. Hajo ta kai Adama gaban hedimasta, Malam Aƙilu. Yarinya ta ɗaga hagu ta kamo kunne har da rara.

"Da dama ake yi," in ji shi.

"Malam, ai kana ganin hannun."

"Doka ce, Iya. A dawo baɗi."

Wace doka? Ƙarya yake, Allah na gani. Kawai ba ya son ɗawainiyar mai naƙasa a makarantarsa. Baɗi ta zo, ya maimaita, yara na dariya. A ta uku ma haka. Ran nan na ji kukan Adama ta katanga, har ni ma na kasa cin tuwo. Hajo kuwa ko hawaye. Ta leƙo ta ce mini, "Jummai, wanda ya ci tuwo da ni, miya ya sha."

Shekara guda ta yi tana saƙa abinta. Duk gidan da ta kwance ƙulli, in an gama ciniki sai ta tambayi mai ɗan da zai shiga makaranta. Ta yi wa wannan rangwame, ta tuna wa waccan ranar da ta rufa mata asiri wajen kayan ɗakin 'yarta. Mu matan kulle ba mu zuwa makaranta, amma yaran daga ɗakunanmu suke fita. Ni da kaina na koya wa Shehuna yadda zai sanƙarar da gwiwar hannu, kuma ban taɓa jin daɗin koyar da rashin gaskiya irin na lokacin ba.

Ranar ɗaukar sababbi, sufeto ya zo daga ofishin ilimi yana zaune a gefe. Yayyen yara ne suka kawo mana labari. Aka kira na farko, hannu ya tsaya a tsakar ka. Na biyu ma haka. Har wani gansamemen yaro da ya fara famfara ya yi ta nishi, kunne ya gagara. Malam Aƙilu ya jiƙe da gumi, ya shiga jan hannun yara da kansa, su kuwa suna ihu. Layi ya ƙare, aji ɗaya ba kowa.

Sai ga Hajo ta ratso da Adama. Yarinya ta ɗaga hagu ta kama kunne, ta tsaya a haka.

"Ranka ya daɗe," Hajo ta ce wa sufeto, "ga wadda ta isa tun shekara uku. Tambaye shi abin da ya hana."

A gaban kowa sufeto ya sa Malam Aƙilu ya rubuta sunan Adama a farko. Hajo ta yi gyaran murya, nan take hannun kowane yaro ya kai kunne.

Adama ta shiga aji ta fi kowa tsawo, abin yana damunta. Allah ya haɗa ta da Malama Rahmatu, wadda ta ba ta bakin benci don hagunta ya sake, ta hana a doke ta kan rubutu da hagu, ta kuma riƙa danne mata takarda da dutse. Shi kuwa hedimasta, in ya ratsa unguwa sai yara su ɗora hannu a ka su kama kunne. Hajo ce ke saya musu alawa.

Bayan shekaru ciwo ya kwantar da ita. Malam Aƙilu, ya yi ritaya ya tsufa, ya yi sallama a zaure, ya aiko cewa yana neman gafara. Ina zaune, Adama na yi mata fifita da hagu. Na ce, "Iya Hajo, ki yafe, duniya ce."

Ta daɗe tana kallon hannun jikarta.

"Ku ce masa ya dawo baɗi."

Kafin damina ta faɗi muka yi mata sutura.