Yaya da Dokar Kwana Casa'in

Yayata tela ce. Shekara ashirin tana taka keken ɗinki a ɗan shagonta, allura a baki, tef a wuya, ba ta taɓa saɓa wa kowa ranar karɓar kaya ba. Tun rasuwar Baba ita ce ubanmu. Ni ce auta, kuma ni ce mai baki a gidan.

Korona ta kama ta, ta yi sati biyu kulle a ɗaki, ta warke. Aka ba ta takardar shaida.

Sati biyar bayan nan Inna, mahaifiyarmu, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, ga ciwon suga. Wa zai yi jinya? Ni na yi caraf na ce, "Yaya mana! Ita ta riga ta yi nata ta gama." Ta rufe shago, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon Inna. Ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki.

Ran nan Yaya ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi. Ta tafi wajen gwaji. Ma'aikaciyar ta duba takardarta, ta ce wanda ya warke ba a sake gwada shi sai bayan kwana casa'in.

"'Yar'uwa, tsohuwa nake jinya," in ji Yaya.

"Mura ce, Hajiya. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Washegari ta koma, aka sake sallamo ta. Ta same ni a bakin ƙofa, idonta jajir.

"Auta, karɓe ni kwana uku. Jikina bai ba ni ba."

Dariya na yi, wallahi dariya. Na ce, "Kai Yaya, kin fi likita sani ne? In kin gaji ki ce kin gaji." Ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shige ciki.

Kwana huɗu Inna ta fara tari. Ita an gwada ta nan take. Sabon nau'i ne, aka ce, ba ruwansa da wanda ya warke jiya. Sai a ranar suka gwada Yaya, ga shi kuwa a jikinta. Inna ba ta kai sati biyu ba.

Yaya ta ce ita ta kashe ta. Haka take gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa, ina zaune a gefenta ina jinta. Shekara uku ke nan, ko sau ɗaya ba ta ambaci kwana ukun da ta roƙe ni ba. Ni kuma har yau ban iya buɗe baki na ce ni ce ba.