Gonar Baba Daga Sama

Bakina ne ya jawo mini. Na je Argungu gaisuwar sallah, muna zaune a zauren Baba ana cin soyayyen kifi, sai Baffa, ƙanensa, ya tambaye ni wai wane aiki nake yi a ofishin nan na Birnin Kebbi. Kafin in buɗe baki Baba ya amsa mini.

"Tafireta shika bugawa," in ji shi, "amma mai talabijin."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na jure a yi mini dariya. Na ce ai ni tsara wa kwamfuta aiki nake yi, kuma yanzu haka akwai hoton fadamar Argungu gaba ɗaya a cikinta, wanda aka ɗauka daga jirgin sama. In na ga dama, gonarsa ma sai in nuna masa.

Baba ya daɗe bai taka fadama ba, tun da gwiwoyinsa suka ƙi shi. Baffa ke noma masa gonar shinkafar, shi kuwa sai dai labari da buhuna. Ya ajiye ƙayar kifin da ke hannunsa ya dube ni.

"Alhamis ina tahe."

Ban yi ƙarya ba, hoton yana nan. Yana cikin kayan da aka rabo mana daga Sakkwato bayan an yanke sabuwar jiharmu daga cikinta, hotunan jirgi ne da aka haɗe su suka zama fayil guda. Abin da ban faɗa a zaure ba shi ne, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Fayil ɗin ya ninka ƙwaƙwalwar kwamfutarmu sau da yawa. Manhajar da na rubuta tana ƙoƙarin kwaso shi duka ta zuba a ƙwaƙwalwa kafin ta nuna komai, sai injin ya yi ta gurnani, daga nan ya sandare.

Na koma na gwada yanka shi gunduwa-gunduwa, in karanto wannan in ajiye, in karanto wancan. Lissafin ya rikice mini. Kogi ya taho tiryan-tiryan, sai ya katse a tsakiyar allo, ya ɓullo can sama kamar an karya sanda. Na zagi kwamfutar, na zagi wanda ya ƙera ta. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na dariyar zaure ba. Tsoron kada tsohon nan ya sha wahalar mota da gwiwoyinsa, ya zo ya tarar da baƙin allo.

Shugaban sashenmu mutumin Zuru ne, mai sanyin magana, ya daɗe yana wannan aiki tun a Sakkwato. Ya tsaya bayana yana kallon abin da na rubuta, ya ce, "Kai in za ka ɗebi hatsin tuwo, rumbun kake juyewa a tsakar gida?" Sai ya jawo kujera ya nuna mini wata hanya da ban taɓa bi ba. Ba za ka karanto fayil ɗin ba sam. Za ka gaya wa injin ya shimfiɗa shi a kan adireshin ƙwaƙwalwa, ya yi kamar duk yana ciki, alhali ko ƙwaya ba a ɗauko ba. Sai lokacin da manhajarka ta taɓa wani wuri, sannan injin da kansa zai je faifan da fayil ɗin ke ajiye ya ɗauko ɗan shafin da wurin yake. In ƙwaƙwalwa ta cika, ya saki shafukan da aka daina kallo. Kai naka kawai ka lissafa layi na nawa, ɗigo na nawa, ka miƙa hannu. Ya kuma ja mini kunne in buɗe shi don karatu kawai, domin in na ba da izinin rubutu, duk abin da na taɓa a ƙwaƙwalwa zai sauka cikin fayil ɗin na ainihi.

Na goge fiye da rabin abin da na rubuta, har na ji haushin yadda sabon ya zama ɗan guntu. Na danna. Fitilar faifai ta ƙyafta, ya yi ɗan ƙara, sai ga kogi lafiyayye a kan allo, ba karaya. Na yi ihun da ya sa masu share baranda suka leƙo. Ranar a kan kabu-kabu zuwa gida a unguwar Gesse ni kaɗai nake ta murmushi.

Alhamis da hantsi Baba ya iso da Baffa, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka zaunar da shi gaban allo. Da farko bai gane komai ba, ya ce wannan ai tabarma ce da ruwa ya ci. Na nuna masa gari, na nuna masa gada. Ya matso da fuska, sai na ga yatsansa ya ɗaga.

"Bi ruwa. Yi arewa."

Na danna maɓalli, hoton ya gusa. Duk sanda muka shiga sabon wuri sai faifan ya yi ƙara kafin ya bayyana, in muka koma baya kuwa shiru, domin shafin yana nan injin bai sake shi ba. Baba ya lura da haka kafin in yi bayani.

"Ashe shi ma sai ya tuƙa in za shi inda bai sani ba," ya ce. "To tuƙa, ɗan nan. Ga mashigin da muka kamun kihi. Wuce. Karkata gabas. Tsaya! Tsaya nan!"

Gonar ce, da tsamiyarta a kusurwa kamar ɗigon tawada. Baba ya buga cinya yana dariya, yana kiran sunan maƙwabtan gona ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuwana.

Can sai ya tsuke fuska. Ya bi wani siririn layi da farce, lambatun da ke kai ruwa daga kogi zuwa gonar, ya juya ga Baffa.

"Kai, mi an nan? Wane raggo yag gina wanga lambatu awa tahiyar maciji? Haka kaka yi min aiki don ba ni gani?"

Baffa ya fara rantse-rantse. Ni kuma na duba bayanin da ke farkon fayil ɗin, inda aka rubuta lokacin da jirgin ya ɗauki hoton. Tun kafin a yanke jiha ne, da sauran shekaru.

Na ce, "Baba, lokacin da anka ɗauki hoton ga, Baffa na Legas. Kai ad da gonar."

Baffa ya faɗi kan benci yana dariya har da hawaye, shugabanmu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Baba ya sake matsawa jikin allon ya daɗe yana kallo.

"Akwai wani kututture nan," ya ce a hankali. "Na kasa hidda shi, ni ɗai nike, sai niz zagaye. Ni nig gina shi da hannuna."

Na kai hannu zan gusa hoton in nuna masa sauran fadamar, sai ya riƙe mini wuyan hannu, idonsa na kan lambatun.

"Bar ni nan tukuna," ya ce. "Yanzu nis shigo."