Bencin da ke gefen kejin damo

Masu cewa Rabi ta yi kuɗi ta manta da mutane, ga ni na dawo. Ba kuɗi na yi ba, tarin tibi na yi.

Da tari ya fara, irin wanda ake cewa sanyi ne. Na sha citta, na sha zuma, na sha duk abin da maƙwabta suka miƙo. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi ya jiƙa matashi, sai zane ya fara zamewa daga ƙuguna. Ran da na ga jini a kaki na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Maigidana, Malam Sani kafinta, ya goya ni a babur zuwa asibiti a nan Ƙanƙara. Aka ba ni 'yar kwalba in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirji. Maganin kyauta ne, amma hoto da zirga-zirga da abinci mai gina jiki sai da suka cinye akuyata.

Likita ya ce, "Ana warkewa. Wata shida za ki sha magani, kar ki tsallake ko kwana ɗaya. Ki riƙa zama a waje inda iska ke kaɗawa."

Ni kuwa na shige ɗaki na ja labule. An ware mini kofi da kwano. Innata ta zo daga Faskari ta kwashe yara. Masu zuwa dubiya daga zaure suke aiko gaisuwa. Na rantse ba wanda zai ga yadda na koma. Maganin kuma ga tashin zuciya, ga fitsari ya koma ja, har na fara tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa.

A cikin wannan hali wani direba abokin Malam ya kawo masa tsaraba daga Agadas. Damo, irin na hamada, mai ƙayoyi a wutsiya. Ya ce ganye kawai yake ci.

Jama'a, mutumin da bai taɓa kiwon ko kaza ba!

Malam ya ajiye aikin mutane ya hau gina wa damo keji a tsakar gida, daidai tagata. Ya daɓe ƙasan da siminti wai kar ya yi rami ya gudu. Ya ɗebo yashin rafi ya tankaɗe da rariyata ta tuwo. Ya ɗora dutse mai faɗi a inda rana ke fara sauka, ya kife fasasshen tulu a ɗaya gefen don inuwa. Rabin sama raga, rabi kwano saboda ruwan sama. Kullum da hantsi yana tsugune yana taɓa dutsen da bayan hannu, ya ji ko ya yi ɗumi.

Ni rabon da a taɓa goshina har na manta.

Ina leƙe ta labule ina ƙuna. Zogalen da na shuka da hannuna, shi ake tsinko wa damo, mai taushin ma. Ran da ya ƙi ci, Malam bai je shago ba. Ina ji yana lallashinsa, "Haba ɗan baƙo, hito ka sha rana." Ni kuwa sai a ajiye mini kwano a ce Allah ya sawwaƙe.

Ba zan ɓoye ba, kishi na yi. Kishin ƙadangaren da ko sunana bai sani ba. Har addu'a na yi shaho ya gan shi.

Wata safiya na ga Malam ya ɗauke shi ya kwantar a kan hannunsa yana shafa masa baya. Ban san lokacin da na yaye labule na fito ba, ina haki, ina dafa bango.

Na ce, "Malam, ni ko in mutu ko in yi rai duk ɗaya ne, tunda damonka na lafiya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zamna, kar ki hwaɗi."

Sai a lokacin na lura da benci a gefen kejin. Sabo ne, da abin jingina, da hannu na dafawa. Na zauna. Ƙafata ta taɓa ƙasa daidai, ni da kowace kujera ke barina ina reto saboda gajarta.

Ya wanke hannu da sabulu, ya shiga ɗakina, ya fito da ƙwayoyin da na ɓoye a tafinsa. Ashe ya sani.

Ya ce, "Na yi magana kin ƙi, Inna ta yi kin ƙi. Na ce bari in ga ko hushi zai hiddo ki."

Na ce, "Wato bencin..."

Ya ce, "Mi damo za ya yi da benci, Rabi?"

Sannan ya ɗora bayan hannunsa a goshina. Na yi kuka har tari ya sarƙe ni.

Ranar muka koma asibiti na faɗi gaskiya. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini faɗa sosai, aka sake gwaji, na ci gaba da magani. Tun daga nan kowace safiya ina kan benci, damo yana kan dutsensa, Malam a tsaye sai ya ga na haɗiye. Zogale ma raba mana ake yi, amma nawa ya fi yawa, na tabbatar da haka.

Gwajin ƙarshe ya fito babu komai. Yara sun dawo. Alhamdulillahi.

Na gode wa ma'aikatan asibiti, da Inna, da duk wanda ya yi mini addu'a. In tari ya wuce mako biyu, ku je a gwada kaki. Kar ku yi wasa da magani kamar yadda na yi. In kuna da mara lafiya, ku buɗe masa taga, ku zauna kusa da shi a waje, wariya tana da ciwo. Mai son kiwon damo kuma ya ba shi rana da inuwa da busasshen yashi, ya wanke hannu bayan ya taɓa shi.

Har yau ba na son a shafa shi a gabana. Amma ni ke tsinko masa zogale yanzu, mai taushin.