Murfin Tankar a Rufe Yake

A shekarun da nake magana a kai, ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Malumfashi, na haura hamsin, 'ya'ya sun watse, daga ni sai maiɗakina sai tabarau biyu. Na shekara ashirin da bakwai ina koyar da yaƙe-yaƙen duniya, ban taɓa jin ƙarar bindigar da ta wuce ta mafarauta ba. In na taso daga makaranta, aikina shi ne haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, wani tsohon ɗalibina yake sa mini su a mota daga Kaduna in je Funtua in karɓo. Haɗa su da gam ba wani abin kirki ba ne, duk mai haƙuri zai iya. Gwanintar ita ce tsufar da su, wato ka ɗauki abu sabo fil ka mai da shi kamar ya sha wuya. Nakan jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan lemun tsami in sami tsatsa, in niƙa alli mai launi in shafa da buroshi, in tankaɗe jar ƙasa da rariyar maiɗakina in kwaɓa da gam in liƙa a sarƙar ƙafafun. Ita takan ce kowa a duniya wanke tsoho yake ya koma sabo, ita kuwa Allah ya haɗa ta da mai sayen sabo ya ɓata. Abokan aiki kuma Janar suke kirana, Janar na kan tebur.

Ina da ƙane, autan Innarmu, na girme shi da shekara goma sha tara. A hannuna ya tashi bayan rasuwar mahaifinmu, a ajina ya zauna, kuma har ya yi gemu bai daina miƙewa tsaye in na yi masa tambaya ba. Yaya Malam yake ce mini. Ya shiga soja, aka sa shi cikin masu aiki da tankokin gaske, aka tura shi arewa maso gabas. Da aka sallame shi ya dawo da hannun dama a ƙone, yatsun sun lanƙwashe kamar yana riƙe da wani abu. Ya yi wata uku a ƙauyenmu can wajen Gozaki ba ya magana, ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa. Sai Inna ta turo mini shi da saƙo. Ta ce ni ne mai boko, in dawo mata da ɗanta yadda zai ci tuwo ya yi dariya, ba ta neman komai bayan wannan.

Ya yi sati biyu a gidana bai wuce amsa gaisuwa ba. Wata rana bayan la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakin da nake aiki, ya daɗe yana kallon wata tanka, sannan ya ce taɓon nan bai yi daidai ba, ba a saman yake taruwa ba, tsakanin tayoyin yake shiga ya bushe. Har da ɗan murmushi ya ce in da tankarsu tana da tsabtar tawa da sun yi sallar Idi a kanta. A ranar ya cinye tuwonsa. Kwanakin da suka biyo baya yakan zauna kusa da ni yana riƙe mini ƙananan tayoyi da hannun hagu ina shafa fenti, muna hirar damina da kuɗin taki. Da na tsaya a nan, da wannan wasiƙar ba ta zama dole ba.

Amma na daɗe ina son in yi ƙonanniyar tanka, ita ce ta fi wuya a wannan sana'a, kuma hotunan littattafaina duk baƙi da fari ne. Sai ga shi Allah ya kawo mini wanda ya gani da idonsa, yana kwana a gidana. Na samo sabon littafin rubutu na ja masa layi. Kullum bayan la'asar sai in kira shi in tambaya. Ta ina hayaƙi yake fara hawa? Fenti kumbura yake ko zubewa? Yana tsaye, hannuwa a baya, yana ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya kamar ranar jarrabawa. Shi ya gyara mini cewa robar tayoyi ba baƙa take komawa ba, farar toka take zama ta zube a ƙasa. Shi ya ce ƙarfen da ya ci wuta ba ya jiran damina, cikin 'yan kwanaki yake yin ja-ja. Na rubuta duka da kyakkyawan rubutu. Maiɗakina ta same ni ta ce Malam, ka lura kwanon bawan Allahn nan a rufe yake dawowa tun da ka fara kiransa ɗakin nan? Na ce mata masana sun tabbatar faɗin abin da ke rai magani ne. Ta ce to shi yake faɗa, ko kai kake tambaya? Na ce ta bar abin da ba ta karanta ba.

Abin da na manta, ni da na raine shi, shi ne ba zai taɓa ce mini a'a ba. Ƙane ba ya ce wa yayan da ya zame masa uba ya bar wannan magana. Da baƙo ne ya tambaye shi da ya tashi ya fita.

Ranar ƙarshe aiki ya kammala sai murfin sama, inda mutane ke shiga. Na riƙe shi da ɗan hantsaki na tambaye shi a buɗe zan liƙa ko a rufe. Sai da na maimaita da muryar aji. Ya ce a rufe. Ya ce shi yana waje lokacin da tankarsu ta kama da wuta, murfin ya cije, mutum uku ne a ciki, yana jin su, ya kama mariƙin ya ja har aka zo aka ɓamɓare shi daga jikinsa. Bai ɗaga hannun ya nuna mini ba, ba sai ya nuna ba. Na rubuta: murfi a rufe. Sannan, kuma wannan ne abin da na zauna rubuto muku dominsa, na tambaye shi wane launi mariƙin ya koma. Ya ce shuɗi-shuɗi, Yaya Malam. Na haɗa launin a gabansa.

Washegari da hantsi ya durƙusa ya yi mini godiyar ɗawainiya, ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha. Shekara huɗu ke nan. Yana ƙauye yana noman masara da hannu ɗaya da rabi. In na je yakan durƙusa ya gaishe ni, lafiya lau, aiki da godiya, shi ke nan. Na taɓa fara ba shi haƙuri, ya miƙe tsaye ya ce ai ba komai, ya ci gaba da tsayuwa yana jiran tambaya ta gaba. Inna sau ɗaya ta yi mini maganar. Ta ce me na tambaye shi? Na ce fenti. Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarzar gyaɗarta.

Zan so in ce na yi kuka, amma ban yi ba, har yau ban ji komai ba sai wani irin shiru. Abin da na gane kawai shi ne ban nemi warkewarsa ba, littafi na nema mai tafiya da ƙafa biyu, kuma ladabinsa na ɗauka yarda ce. Duk mai wani a gida da ya dawo daga inda aka ga abin da ba a faɗa, musamman in yana jin nauyinka, kada ka tambaye shi. Ka ba shi taya ya riƙe maka, ku yi hirar taki. In ya tashi faɗa zai faɗa, ranar kuma kada a same ka da biro a hannu.

Tankar tana nan a kan kanta. Duk wanda ya gani sai ya ce kamar gaske, in ce masa gaske ce.