Fuskar Kamfanin Ruwa

Mijina direba ne a kamfanin ruwa tun kafin ya aure ni, kuma duk shekarun nan ko mai shagon layinmu bai riƙe fuskarsa ba. Mutum ne shiru-shiru, ya fita da safe ya dawo da yamma. Abu ɗaya Allah ya ba shi, wushirya, kuma ba na ɓoyewa, ita ta ja ni.

Ran nan yana wanke mota sai 'yan gayun ofishin hulɗa da jama'a suka tare shi, suka miƙa masa kofin ruwa, wai ya yi murmushi, suka ɗauke shi hoto. Kwana kaɗan sai ga Baban yara a ƙaton allo a shataletale, haƙora waje, an rubuta "Ruwanku yana hannunmu". Wayyo daɗi! Na kwashi yara muka je ƙarƙashinsa muna tsalle har mai ba da hannu ya kore mu.

To, sai famfo ya ƙafe. Da sassafe mata suka cika ƙofarmu da bokitai.

"Maman yara, fito mana da mai dariyar!" in ji maƙwabciyata. "Ba shi ya ce yana hannunsu ba?"

Na ce, "Baiwar Allah, direba ne fa!"

"Ana rataye direba a sama? Aikinsu ke nan, su washe mana baki mu kwana da ƙishi."

Na ci ɗamara zan yi faɗa, sai ga mutumina ya fito da sabuwar hula, ya ajiye benci, ya ce kowa ta faɗi damuwarta. Ikon Allah! Mutumin da sai na yi da gaske nake jin muryarsa. Daga ranar ya zama shi ne kamfanin. Ya kwashi ƙorafi ya kai ofis, ya dawo da "bututu ne ya fashe, ana kan gyara". A zage shi tas, ya shigo ɗaki yana annashuwa: "Kin ga yadda suka san ni?" Tela ma ranka ya daɗe yake ce masa. Wallahi har kumatu ya yi. Fargabarsa ɗaya, kada a sauke allon ya koma ba kowa ba.

Aka kuwa sauke, aka liƙa wata budurwa.

Da aka sake ɗauke ruwa ya sa hularsa, ya fito da benci, ya zauna. Mata suka zo da bokitai, suka gaishe ni, suka wuce rijiya. Har rana ta iso benci bai tashi ba. Raina ya ɓaci, na ji kamar in yi kuka. Na sungumi bokitina, na zagaya ta ƙofar baya, na zo na dangwarar da shi a gabansa.

"Malam, wai sai yaushe za ku ba mu ruwa? Mun gaji!"

Ya dube ni, ya gyara hula, ya matsa gefe.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Zauna ki gaya mini."